Cinikin Ciwon Inna a Maitama

Tun da muka dawo ban sha shayi da daɗi ba. Da na zauna a bencin mai shayin bakin layinmu a Jikwoyi sai wani ya matso ya ce, "Garba, wai da gaske siminti aka zuba wa surukarka a baya?" Kafin in haɗiye burodi wani ya tambayi buhu nawa aikin ya ci. A wurin aiki a Idu ma ban tsira ba, direbobin tirela har kashe mota suke yi su zo jin labari. Abin da ya fi ba ni haushi, duk wanda na gaya wa sai ya ƙara gishiri kafin ya kai wa na gaba, har jiya na ji ana cewa wai birkila aka ɗauko daga Mpape. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in sha shayina.

Na san akwai mai cewa daga Jikwoyi zuwa Maitama ai ba tafiya ba ce, duk Abuja ce. Mai faɗin haka wucewa kawai yake yi a mota. Ni na kwana a can, na ci abincinsu, na ga al'adunsu, kuma ina shaida muku wata ƙasa ce daban, fasfo ne kawai ba a tambaya.

Ga yadda abin ya samo asali. Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin kwanon rufi a Idu. Kamfanin ya yi mana inshorar lafiya, duk wata ana yankar wani abu a albashi, aka kuma ce kowa yana iya ƙara tsoho ɗaya a kan iyalinsa. Iyayena sun riga mu gidan gaskiya, sai na sa Inna, mahaifiyar matata Dije. Inna Bafulatana ce, rugarsu tana bayan Karshi, nono da man shanu take sayarwa a kasuwa tun kafin a haifi yawancin masu tambayata labarin nan. Dije ce ta ɗauki hotonta a waya aka yi kati. Ni ban yi mata bayani ba, don ni da Inna ba ma hira.

Kada a ɗauka faɗa muke yi. Kunya ce irin ta mutanen da. Tun da na auri Dije, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ban taɓa ganin ta tana cin abinci ba, ita ma ba ta taɓa ganin nawa bakin yana motsi ba. In na je gaisuwa, na durƙusa a ƙofar bukka, tana amsawa tana kallon bango. In tana da saƙo gare ni, ko mu biyu ne a wurin, sai ta ce, "A ce masa kaza." Ni kuma in ce, "An ji, Inna." Haka muka zauna lafiya shekara da shekaru.

Da damina santsi ya kwashe ta a bakin rafi ta zauna da ƙarfi. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai da ta zo sunan 'yarmu ne Dije ta lura a zaune take sallah, kuma da aka miƙa mata jaririyar ta ɗan riƙe ta mayar nan take. Wannan ya sosa wa Dije rai, har ta yi min ƙorafi. Da ƙyar aka lallaɓa Inna zuwa wani ƙaramin asibiti a Nyanya. Hoto ya nuna gaɓa ɗaya ta ƙashin bayanta ta lotsa, suka ce aikin ba nasu ba ne, akwai asibiti a Maitama da inshorarmu ke hulɗa da shi. Dije tana jego, ƙa'ida kuma ta ce sai ma'aikacin da ya yi inshorar ya je da kansa. Wato ni da Inna, ba mai shiga tsakani.

Maƙwabcinmu Baba Sunday, mai tasi, shi ya ɗauke mu. An shimfiɗa filo a kujerar baya don Inna ta kwanta, amma da ta ga ni ne a gaba sai ta zauna cak, ta rungume ƙwaryar fura da ta ce ba za a je garin mutane hannu sake ba. Na roƙi Baba Sunday ya karkatar da madubi don kada idona ya haɗu da nata. Ya ce, "Oga Garba, in ba madubi yaya zan ga mota na baya?" Na ce ya ji su da kunne, ai 'yan Nyanya ba sa rowar oda.

Wanda ya san hanyar Nyanya da safe ya san ba tafiya ake yi ba, zama ake yi a kan kwalta. Duk ramin da muka faɗa sai in ce, "Sannunku, Inna," ita kuma ta ce wa taga, "A ce masa lafiya lau." A hawan Kugbo motar Baba Sunday ta yi zafi ta fara hayaƙi, ya fita ya ba ta ruwan leda ta sha. Da muka wuce Asokoro sai duniya ta canza. Babu ɗan acaɓa, babu mai turin baro, babu akuya. Inna ta daɗe tana duban ciyawar gefen titi, kore shar, an aske ta, ana ba ta ruwa da tiyo. Can ta ce, "A tambaye shi, shanun wa aka ajiye wa wannan?" Na ce ba na kowa ba ne, ado ne. Na ji ta ja tsaki a hankali.

Kan iyakar ƙasar tasu ƙofar asibiti ce. Masu gadi suka buɗe but ɗin mota, suka leƙa ƙarƙashin mota da madubi mai sanda, ɗaya ya zo da ƙarfen nan mai kuka ya bi jikin Inna da shi. Awarwaronta suka sa shi ihu kamar an taka wa kyanwa wutsiya. Sannan ya hango ƙwarya.

"Oga, wannan abinci ba ta shiga. Oda ne daga sama."

Na fara haɗa Turancin da zan roƙe shi, Inna ta riga ni. Ta buɗe faifai, ta miƙa masa ludayi, ta ce, "Sha, yaro, rana ta yi." Ya waiga hagu da dama, ya kurɓa. Abokinsa ma ya zo ya duba ko akwai haɗari a ciki. Kafin a gama binciken furar ta ƙare, ƙwarya ta shiga asibiti ba laifi a kanta. Tun daga ranar in na zo wucewa sai sun sara min.

Al'adarsu ta farko da ta ba ni mamaki ita ce, ba a tambayar mara lafiya abin da ke damunsa sai an tambayi katinsa. A wurinmu in ka kai tsohuwa asibiti, kafin ka kai ƙofa mutum biyar sun yi maka jaje, biyu sun ba ka sunan mai ɗori. A can aka ɗora Inna a keken marasa lafiya aka tura mu ofishin kuɗi, wurin wani saurayi mai laktayi a bayan gilashi. Ya yi min bayani da Turanci cewa a asibitin nan komai yana da lambarsa. Gado da lambarsa, hoto da lambarsa, allura da lambarta. Su tura lambobin wa kamfanin inshora, in kamfani ya yarda ya aiko da lambar izini, wadda suke ce wa kod. In babu kod, babu babban aiki. Ya yi ta jero lambobi, ina gyaɗa kai. Na manta Inna tana gefe tana saurare. Ba ta jin Turanci, amma lamba kam tana ji, don Yarabawa da Ibo sun daɗe suna sayen man shanu a hannunta.

Aka sa ta a injin hoto mai kama da rami, sannan muka ga likitan ƙashi, wani ƙaton mutum mai fara'a, yana jin Hausa sosai. Ya ce ba za a tsaga bayanta ba. Ɗan huji za a yi, a zura allura cikin gaɓar da ta lotsa, a hura wata 'yar balan-balan ta ɗaga ta, a cika wurin da siminti irin na likitoci, ya daskare nan da nan. Na juya na fassara wa bango abin da Inna ta riga ta ji da kunnenta. Ta ce, "A ce masa ni ba ɗaki ba ce." Likita ya yi dariya har da buga tebur, ya ce simintin bai kai cikin ludayinta ba. Daga nan ya daina dariya ya ce min aikin yana son karaya sabuwa. In aka ja lokaci ƙashin zai kama a lotse, tana iya ƙare rayuwarta a duƙe, ga ciwo. Inshora kuma ba ta ba da kod sai likitarsu ta zo ta tabbatar ciwon mai tsanani ne, ya fi ƙarfin ƙwayoyi.

Aka ba Inna gado a ɗaki mai mutum biyu, sanyin na'ura kamar cikin firij, ta naɗe da zane uku. A ɗaya gadon akwai Mama Rifkatu, 'yar Pankshin, tsohuwar malamar firamare da aka yi wa aikin ƙugu. Ta daɗe a asibitin har ta san sunan 'ya'yan kowace nas. Da ta ga yadda muke magana da Inna ta bango, ta ce, "Ɗana, ku biyu kuna da waya a aljihu amma bango kuke ba wa saƙo? To ku bar wahalar da shi, ga ni." Daga ranar ta zama bangonmu, sai dai ita tana ƙara nata a kan saƙo.

Ni kuwa masaukina wurin Malam Isa ne, ɗan garinmu, maigadi a wani gida kusa da asibitin. Gidan ɗakuna ne birjik, mai shi yana ƙasar waje, ba kowa a ciki sai kare. Mu biyu muka matsu a ɗakin gadi, ƙafata tana taɓa ƙofa. Ga masu tambaya ko gaskiya ne kare yana da likita a Maitama, na gan shi da idona, da motarsa ya zo, ya kuma fi gaishe da karen a kan mu. Unguwar ba a jin kukan yaro, ba a jin daka, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Na yi wa wani mutum sallama a bakin titi, ya laluba aljihu zai ba ni sadaka.

Abinci shi ne ya so ya kashe ni. Ba mai ƙosai, ba mai shayi, ba mai tsire sai ka yi tafiya mai nisa. Na shiga kantin asibiti na ga kuɗin shinkafa, na gaishe su na fito. Malam Isa ne ya nuna min sirrin unguwar. Da azahar wata mata takan faka mota a ƙarƙashin bishiya ta buɗe but, sai ka ga direbobi da masu gadi da masu ban ruwan fulawa sun ɓullo ta ko'ina. Sakwara ce da miyar agushi, mai zafi. In aka hango motar masu kamen 'yan talla sai ta rufe but, kowa ya riƙe kwanonsa a baya ya yi kamar yana duba taya. Ranar farko ban san tsarin ba, but ya rufe da namana a ciki. Ita Inna an kawo mata ɗanyen ganye da tumatir a faranti, ta ce wa Mama Rifkatu, "Ashe ciyawar nan ta titi ta marasa lafiya ce."

Ranar da likitar inshora za ta zo, na iske Inna ta tashi zaune, ta ɗaura ɗankwali, ta gyara awarwaro, kamar mai zuwa biki. Likitar yarinya ce Bayarabiya, mai ladabi, ta rusuna ta gaida Inna, ba ta jin Hausa sai sannu. Mama Rifkatu an tura ta wurin motsa ƙafa, don haka ni ne tafinta. Likita ta fito da wani kati mai fuskoki, daga mai murmushi har mai kuka, da lamba a ƙarƙashin kowace. Ta ce Mama ta faɗi ciwonta, daga ɗaya zuwa goma. Na fassara wa bango.

Inna ta dubi katin, ta dubi likita sama da ƙasa, ta ce wa taga, "A ce mata biyu."

Likita ta ɗaga gira. Ta ce da Turanci, biyu, Mama? Ba bakwai ba? Ba shida ba?

Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "A ce mata ɗaya."

Likita ta matso ta sassauta murya, ta ce to ko biyar. Inna ta kawar da kai, ta ja zanenta, ta fara zuro ƙafa ƙasa kamar mai shirin tafiya gida. Likita ta yi sauri ta ce a'a, Mama ta zauna, ta rubuta abin da ta rubuta, ta yi sallama. Ni kuwa ina tsaye ƙirjina ya cika da alfahari, ina cewa a raina ga jarumta irin ta Fulani, Maitama ta gani.

Washegari likitan ƙashi ya kira ni, babu fara'a. Ya ce, "Malam Garba, hoto ya ce goma, mai jikin ta ce ɗaya. Kamfani ya ce tunda ta samu sauƙi a ba ta ƙwayoyi da bel na ɗaure baya ta koma gida." Na tambayi in mutum zai biya da kansa fa. Ya rubuta a 'yar takarda ya turo min. Ba zan faɗi abin da na gani ba, amma ko an kora shanun rugarsu Inna kaf zuwa kasuwa sai an nemi ciko. Ya ce zai roƙi a sake turo likitar sau ɗaya, in aka maimaita irin ta jiya shi ke nan. Na fito. Tsoro ya kama ni sosai, ina tunanin da wace fuska zan kai wa Dije uwarta a duƙe.

Na shiga ɗaki na iske an fita da Inna wanka, Mama Rifkatu kuma tana dariya har tana riƙe ƙugunta mai ɗinki. Ta ce, "Zo nan, ɗana. Ka san abin da surukarka ta gaya min? Ta ce jiya ta yi maka ciniki."

"Wane ciniki, Mama?"

"Ta ce yarinyar ta zo da kuɗin aiki, ta fara da goma. Ita ta taya biyu. Yarinya ta ce bakwai, ta ce shida, sai ta ga so ake a cuce ka, ta koma ɗaya, ta yi kamar za ta tafi. Yarinya ta sallama. Tun jiya murna take, wai ta rage wa yaron mutane nauyi, ga jego ga hidimar suna."

Na zauna a kan kujera ban san na zauna ba. Dariya ta zo min, kuka ma ya zo. Na tuna saurayin nan mai laktayi da ya ce komai yana da lamba. A kunnen macen da ta yi rayuwarta a kasuwa, wanda ya faɗi lamba ya kuma nemi a ƙara, mai sayarwa ne. Mama Rifkatu ta share hawayen dariya ta ce, "Kuma kai ma kana da naka. In kana ɗakin nan ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi. Kana fita take cizon zane. Ni nake ji."

Da aka dawo da Inna muka hau yi mata bayani. Na ce wa bango lambar ta ciwo ce, ba ta kuɗi ba, ko goma ta ce ba za a karɓi sisina ba. Inna ta ce, "A ce masa garin da ake shayar da ciyawa da famfo ba a yin abu kyauta." Na kawo misali da kamfani, da yarjejeniya, da kod, duk ba su shiga ba. Mama Rifkatu ta ɗaga min hannu.

"Inna, kina adashi a kasuwa?"

"Ina yi."

"To wannan adashi ne. Duk wata yaron nan yana zubi, shi da 'yan wurin aikinsu. Sai dai ba a kwasa bi da bi, wanda ciwo ya kama shi ke kwasa. Ya sa sunanki a ciki tun tuni, a gurbin uwarsa."

Inna ta daɗe tana murza awarwaronta. Sannan ta ce, "A tambaye shi, ya taɓa kwasa?"

Na ce ban da maganin zazzaɓin yara da haihuwar Dije, ba wani abin kirki.

"Shekara da shekaru yana zubi?"

"E, Inna."

"Kuma uwar adashin ta aiko yarinya, ni na kore ta da ɗaya?" Ta gyara zama, fuskarta ta yamutse don zafi, wannan karon ba ta ɓoye ba. "A ce a kira ta."

Da likitar ta dawo, Mama Rifkatu ta ce ita ce tafinta, ta nuna min ƙofa da sandarta. Na fita na tsaya a baranda. Ƙofar ba ta rufu duka ba, ni kuma ban ja ta ba. A nan na fara jin muryar Inna yadda take in ba na wurin. Ta ce tun ranar da ta faɗi goshinta bai taɓa ƙasa ba, da ido take ruku'u. Ta ce in za ta juya a shimfiɗa sai ta cusa zane a baki. Ta ce ranar suna da aka miƙa mata jikarta, hannunta ya ɗauka amma bayanta ya ƙi, ta ji za ta yar da ita, shi ya sa ta mayar, ta bari aka ɗauka ko ba ta murna ne. A nan muryarta ta karye. Na jingina da bango ina share ido da hula, wata nas ta wuce ta ce min sori.

Na ji likita ta tambayi lamba. Mama Rifkatu ta ce, "Inna, ki ce goma mu huta." Inna ta ce, "A'a, ba zan ci haƙƙin 'yan adashi da ƙarya ba. Tara ne. Na san goma, ranar da na haifi Dije ce."

Kod ya fito kafin la'asar. Saurayi mai laktayi ya kira ni ya karanta min shi kamar sakamakon jarrabawa. Akwai 'yan ƙananan abubuwa da inshora ta ce ba ruwanta, irin su bel ɗin baya, na biya ban yi musu ba, kuma ban gaya wa Inna ba don kada ta je ta taya.

Aikin kansa bai kai tsawon zaman da muka yi a hanyar Nyanya ba. Aka fito da ita da 'yar filasta a baya, wadda ba ta kai tafin hannun jariri ba. Da yamma nas ta kama ta ta miƙe. Ta yi taku ɗaya, ta tsaya tana jiran ciwon ya zo, ya zo kaɗan ya tsaya daga nesa. Ta taka har taga ta dawo. Likitan ƙashi ya ce banda ɗaukar kaya mai nauyi sai ya ba da izini, kuma za ta riƙa shan maganin ƙarfafa ƙashi. Inna ta ce a tambaye shi ko simintin yana jin ruwa, don damina ba ta ƙare ba.

Ranar sallama Mama Rifkatu ta yi mana addu'a irin tasu, Inna ta yi mata irin tamu, kowacce ta ce amin a ta 'yar'uwarta. Inna ta bar mata ƙwaryar nan. Masu gadi suka sara mana, ɗaya ya leƙo ya ce, "Mama, yaushe fura zai dawo?" Baba Sunday ya karkatar da madubi tun kafin in roƙa. Da muka gangaro Nyanya na ji oda da hayaniya da ƙamshin masara gasassa, wani ɗan acaɓa ya zage mu ba dalili, na ji daɗi har cikin raina, na ce mun dawo gida.

To, masu tambaya, ga amsa. Ba buhu ba ne, ba a kira birkila ba, kuma Inna ba ta ƙara nauyi ba.

Saura abu ɗaya da ban gaya wa 'yan bencin shayi ba. Bayan likita ya sake duba ta ya ce ƙashi ya yi kyau, ran wata Juma'a na dawo daga masallaci na iske Inna a tsakar gidanmu, ta zo daga ruga da ƙafarta da mota, ba mai riƙe ta. Tana kan tabarmar sallah, goshinta a ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Dije tana tsaye a ƙofar ɗaki da jaririya tana kallo. Da Inna ta sallame ta karɓi yarinyar ta goya ta, ta ɗaure zane tam. Sannan ta turo wata 'yar ƙwarya cike da man shanu gabana, ta ce wa bango, "A ce masa ya kai wa uwar adashi. Zubina ne na wannan wata. Na kwasa, ba zan gudu da na mutane ba."

Na durƙusa na ce, "An ji, Inna." Ina tunanin yadda zan shiga ofishin inshora da man shanu, sai na ji tsakar gidan ta yi tsit. Na ɗaga kai. Inna ba bango take kallo ba, ni take kallo.

Ta ce, "Sannu da ɗawainiya, ɗana."

Ban san inda zan sa idona ba. Na juya na fuskanci bango, na ce masa, "A ce mata ba komai."